Sarkin Sulu na Jega Ya Zaɓi Allo

Duk faɗin Jega, har ka miƙe hanya ka faɗa Aliero, babu wanda ya san ƙanƙara kamar Alhaji Tamu. Sauran jama'a a kular masu zoɓo suka san ta. Shi kuwa, Allah ya ƙara masa girma, taka ta ya yi da ƙafarsa. Shekara talatin da huɗu ke nan, yana akawu a Maiyama, aka tura shi kwas na wata shida a wata ƙasa mai sanyi, ya dawo da mura da labari. Murar ta warke. Labarin kuwa kullum ƙiba yake yi. Tudun ƙanƙarar da ya sulalo a kan allo ya fara da tsayin rumbu, bana ya kai gajimare. Majalisarsa ta bakin kasuwa ta naɗa shi Sarkin Sulu, ya karɓa hannu bibbiyu, bai ji dariyar da ke ciki ba.

Ana nan sai 'yarsa Umaima, da ke aure a Kanada, ta aiko masa da gayyata. Mijinta Sharif, bawan Allah mai gaskata surukai, ya ce zai kai Baba kan dutsen ƙanƙara ya tuna baya. Da wani ne, nan take ciwon gwiwa zai kama shi. Amma sunan shekara talatin ba ya ja da baya a gaban majalisa. Alhaji ya ce a aiko kayan sulun zuwa Jega tukuna, ya duba ingancinsu.

Ta waya aka yi zaɓen. Sharif ya tambayi nauyinsa, don allon yanzu da nauyin mutum ake auna shi. Alhaji ya ba shi nauyinsa na zamanin kwas, tumbi bai shiga lissafi ba. Da aka nuna masa alluna, sai ya koma mai sayen ragon layya.

"Wanga ya cika rama. Ba ni wancan dogo, mai faɗin baya."

Hular kwano kuwa ko kallo ba ta ishe shi ba. "In cire zannata in sa kwano? Ɗan kabu-kabu aka ce maka ni ne?"

Sharif ya turo bidiyon yadda ake ɗaure ƙafa a allon zamani da yadda ake kwancewa. Alhaji ya goge shi. Malami ba ya komawa aji ɗaya.

Ranar da kaya suka iso, zafin Afrilu na narka kwalta, ya fito majalisa cikin rigar sanyi mai kaurin katifa. Aka shimfiɗa allo a kan yashi. Aka kira Umaima ta bidiyo, aka jingina wayar da buhun albasa don ta ga ubanta. Ya zura takalma, ya ja maɗauri, ƙas ƙas ƙas, ya miƙe yana tsiyayar gumi.

"Mi kuka sani? Nan da kuke ganina, iska kanta sai ta dakata in wuce."

Bai rufe baki ba ladan ya kira la'asar. Kowa ya tuɓe takalmi ya ɗauki buta. Alhaji ya sunkuya zai kwance, tumbi ya ce ba hanya. Ya ja nan, abin ya ƙara matsewa. Maɗaurin da ya sani igiya ce, wannan kuwa haƙora gare shi. Aka tayar da salla, mai gurbi a sahun gaba yana tsaye a rana, ƙafa biyu a haɗe kamar akuyar da za a ɗora a babur. Ya yi tsalle ɗaya wajen masallaci. Na biyun bai kammalu ba.

Bayan sallama aka ɗora shi a baro, allo na leƙe ta gefe, har rumfar Jabir mahauci, a yanke maɗaurin. Jabir ya wasa wuƙa, ya yi bisimilla, ya ce, "Alhaji, daga ina za a fara?"

Umaima ta ga komai. Washegari ta aiko da saƙo cikin ladabi: an fasa dutse, an kama wa Baba kujera kusa da taga, da shayi mai zafi.

Allon yana rumfar Jabir, ana sarar ƙashi a kai. Ya dai samu wanda ya san aikinsa.