Dame, Kome, Kore

Duk unguwarmu babu wanda bai san Ilu Madrid ba. Wata huɗu ya ɓace, ya dawo da baƙin tabarau, wai Sifen ya je. Ko ruwa ka ba shi sai ya ce na can ya fi laushi. Mtsw!

Sai ga wata 'yar Sifen, Nuriya, ta zo gyara mana famfon sola. Ba ta jin Hausa ko "sannu". Mai unguwa ya ce wanda ya iya yarenta, aikin tafinta nasa ne.

Ilu ya daki ƙirji. "Ranka ya daɗe, ni ko minshari da Sifaniyanci nake yi."

Aka fara aiki. Nuriya ta nuna sifana, ta miƙa masa hannu. "Dame!"

"Ta ce a dame," in ji Ilu. "Fura take so."

Aka ruga aka damo fura. Baiwar Allah ta kalli ƙwarya, ta kalli Ilu, ta je ta ɗauko sifanarta da kanta.

Da azahar ta buɗe jaka, ta miƙa masa biskit guda ɗaya. "Kome!"

"Allahu akbar! Ta ce kome da kome nawa ne." Ya rungume jakar gaba ɗaya.

Ana cikin jayayyar jaka, ragon Hajiya Tasalla ya tsinke igiya, ya yo kan Ilu a guje. Kowa ya watse. Nuriya ta ɗare kan tanki tana ihu, "Korre! Korre!"

Ilu ya gyara tabarau. "Ta ce a kore shi. Kai, tafi can!"

Gwaf! Sai gogan cikin taɓo, caɓal, ƙafafu a sama. "Wayyo Inna, bayana!"

Nuriya ta sauko, ta latsa wayarta, fassara ta fito da Hausa. Manya suka tsaya ƙifta ido, ni kuwa na gaji da jira, na karɓa na karanta da ƙarfi:

"Dame: ba ni. Kome: ci. Korre: gudu."

Wuri ya ɗauki ihu. Mai unguwa ya leƙa cikin taɓon.

"Ilu, tsakaninka da Allah, ina ka je?"

Ya tofar da laka, murya ƙasa-ƙasa. "Zariya, ranka ya daɗe."