Fashin Sallar Kaka

"...lafiya lau, sai kewar mijin da ba ya ciyarwa. Shigo mana, ka toge a ƙofa kamar wanda aka aiko da sammaci."

Tsohuwar ce ke yi wa jikanta magana, ɗan 'yarta, mai gyaran waya a bakin titi. Tun yana rarrafe take kiransa Maigida, shi kuma da ya iya magana ya raɗa mata Amarya. Ya shigo da baƙar leda a hannu, zaren abin sauraro na lilo a wuyansa. Ɗakin na nan yadda ya san shi, gadon ƙarfe, kwanuka a jere, hasken la'asar ya ratso labule ya kwanta a tabarma kamar kyanwa. Abu biyu ne suka canja. Sallayarta na naɗe a saman akwati, butarta kuma na kife a bayan ƙofa, bakinta a bushe.

"Ina saƙona?"

"Ga rabi."

"Rabi? Abu biyu na aike ka, mai kan kwakwa."

"Audugar mata na sayo. Jiƙon mutumin nan na bakin tasha kuwa ban sayo ba, ba kuma zan sayo ba."

"Ka ji mijin zamani. A aike shi kasuwa, ya dawo da wa'azi."

"Audugar ta wace ce?"

"Ta 'yar maƙwabta."

"Maƙwabtanki duk maza suka haifa."

"To ta goge gilashin fitila ce."

"Fitilarki mai caji ce, Amarya. Ni na gyara ta." Ya zauna a bakin gado ba tare da an ce ya zauna ba. "An kira la'asar tun ina hanya. Ke da ƙarar butarki ke tada unguwa, yau ban ga kin motsa ba."

Ta ɗaga haɓa, ta gyara ɗaurin ɗankwali irin na 'yan mata.

"Fashin salla nake, tunda kana son ji. Ƙuruciya ce ta dawo min. Ka je ka share ɗaki, ka nemo gadon jariri, wataƙila baɗi ka samu magaji."

A wata ranar da ya faɗi ƙasa don dariya. Yau ko haƙorinsa bai fito ba.

"Matar da haƙoranta suka riga ta yin ritaya ce za ta haifa min magaji?"

"Haƙora ake haihuwa da su? Jahili."

"Tun yaushe kike ganinsa?"

"Ganin wa?"

"Kada ki mai da ni yaro. Jinin."

"Kai, rufe min baki. Waye ya koya maka wannan rashin ta-ido?"

"Wayar wata mata aka kawo min, lasifikarta ta mutu. Da na gyara na kunna in gwada, sai na faɗa tsakiyar wani shiri, irin wanda ake saukewa a waya a saurara. Fodkas ake ce masa. Wata likitar mata ce da wata ungozoma suke hira a kan lafiyar mata. Tun ranar nake binsa ina aiki."

"Fod me? Rediyon gulma dai. Ƙato da gemu ya toshe kunne yana laɓe a zancen mata. Shi ya sa wayoyin mutane ke fitowa daga hannunka suna magana da hanci."

"Likitar ta ce duk macen da al'ada ta ɗauke mata shekara da shekaru, in ta sake ganin jini, ko ɗigo ne, wannan ba al'ada ba ce. Sau da yawa abu ne mai sauƙi. Wani lokaci kuma mugun ciwo ne a mahaifa, wanda in an tare shi da wuri ake cin ƙarfinsa. Ta ce a je asibiti, kada a jira."

"Asibiti." Ta maimaita kalmar kamar ta tauna tsakuwa. "Kai da matarka ta cikin waya kuna tsammani ban je ba?"

Ya juyo ya dube ta.

"Na je, ni kaɗai, da ƙafata. Na zauna a benci har ƙafafuna suka yi barci. Da layi ya zo kaina, yarinyar da ke kan tebur ta ce, Iya me ke damunki? Na sunkuya na raɗa mata a kunne. Sai ta ɗaga murya ta kira ƙawarta, a gaban maza, a gaban yara, ta ce, zo ki ji, Iya sabon aure aka yi? Suka tuntsire. Na shiga wajen mai farar riga, bai ɗago kai ya ga ko mutum ce ko tunkiya ba. Ya ce tsufa ne. Ya ce ina mijinki, ki zo da shi a yi masa bayani. Na ce mijina ya tafi inda ba a dawowa. Ya rubuta min ƙwayar ƙarin jini, ya ce na gaba. Ko hannu bai ɗora min ba. Jikina ne, ni ke kwana a cikinsa, amma sai an nemo namiji a yi masa bayani."

"Shi ne kika dawo kika yi shiru."

"In gaya wa wa? Kawunanka? In buɗe baki in faɗa wa ɗan da na haifa abin da ke ƙarƙashin zanina?"

"Ni fa?"

"Kai yaro ne."

"Ɗazu miji ne ni, har da gadon jariri." Ya miƙe tsaye. "Haka Mama ta yi. Ta ce maruru ne a ƙirjinta. Tana shafa mai, tana ja masa mayafi, tana yi mana murmushi. Kowa na jin kunyar kowa, har ranar da kunyar ta ƙare muka ɗauke ta a kafaɗa. Ni ba zan sake ɗaukar wata ba don an ji nauyin faɗin sunan ciwo. Ki zage ni, ki kore ni, ba inda zan je."

A waje wata mota ta wuce, labulen ya motsa, hasken da ke kan tabarma ya ja jiki ya koma gefe. Tsohuwar ta daɗe tana murza bakin zaninta.

"Kuma kin sani," ya ce, a hankali yanzu. "Ina jinki kina koya wa ƙannena mata cewa jinin ciwo ba ya hana salla."

"Na sani."

"To me ya kife butar?"

"Al'ada tana zuwa ta tafi, Maigida. Ita na sani, mun yi zaman shekaru da ita, ba ta taɓa kashe ni ba. In na ɗauki butar nan na yi alwala, na yarda ke nan cewa ɗayan ne, na ciwon."

Ya warware zaren daga wuyansa, ya durƙusa, ya nufi kunnenta da kan abin sauraron guda ɗaya.

"Kada ka sa min aljani a kunne."

"Kunnen da ya sha gulmar unguwa tun kafin a haife ni, aljani ma tsoronsa yake."

Ya danna wayar. Muryar wata mata ta taso ƙasa-ƙasa, tana cewa mace na da ikon ta nemi a saurare ta a keɓe, ta nemi mace ta duba ta in akwai, ta ce ba za ta tashi ba sai an yi mata gwaji, kuma ba sai da rakiyar kowa ake gaya mata abin da ke jikinta ba. Tsohuwar ta karkata kai, goshinta a tamke.

"Faɗa musu dai, 'yar nan. Ƙara faɗa musu. Ki ce da mai teburin nan..." Ta dakata. "Tana jina?"

"Ba ta jinki."

"To ita ma irin likitan can ce, ta yi ta zuba ba ta saurare." Ta gyara abin a kunnenta da ɗan yatsa. "Sai dai ta fi shi tarbiyya. Bar shi, kada ka kashe."

"Gobe da safe ba zan buɗe shago ba. Cewa suka yi ki zo da miji, to ga miji. Zan tsaya a bakin ƙofa ki shiga ki yi bayaninki da bakinki. Wadda ta yi dariya kuma, ni da ita ne."

"Da wannan wandon da ya yage a gwiwa? Cewa za su yi a bola na tsinto ka."

"Daidai da amaryar ne."

"Tsohon banza, wanda bai tsufa ba."

Ta dafa gado ta miƙe. Akwatin ba ya buɗuwa sai an sauke abin da ke kansa, don haka ta sauko da sallayar ta jefa kan tabarma, ta buɗe, ta tona can ƙasa, ta zaro hular kakansa mai ƙamshin ajiya. Ta kifa masa a kai. Hular ta zarce ta rufe masa kunnuwa da gira, sai hanci kawai a waje.

Dariya ta kuɓuce mata, irin wadda ta daɗe ba ta yi ba, har tana riƙe ciki tana share ido.

"Ka ga miji. Ka riƙe ta, na ba ka, ko ka yi kama da mutane gobe." Ta sa ƙafa ta warware sallayar. "Tashi ka cika min buta, Maigida, rana na gudu."