Lambar Injiniya Tana Hannun Inno

Injiniya Sharafaddeen Lawal shekararsa arba'in da shida, kuma shi ne wakilin wani kamfanin kwamfuta na Abuja a Kankia da Kusada. Ba a san makarantar da ta ba shi injiniyancin ba, amma da jan fenti aka rubuta shi a ƙofar ofis, don haka babu gardama. Mutanen gari suka ƙara masa da Sarkin Sabis.

Bawan Allah ne marar rowar shawara. Ko ta'aziyya ya je, sai ya koya wa masu zaman makoki yadda ake tattalin data, da kujerar da ta dace da matafiyi mai ilimi a mota. Bara ya sayi sabon layi mai bakwai-bakwai a jere. "Babban mutum," in ji shi, "daga lambarsa ake gane shi." Tsohon layin ya jefa wa Inno, gwaggon matarsa, mai tallar nono daga wata ruga a Yashe.

Kwatsam kamfani ya sabunta manhajarsa. Duk wakilin da bai shiga sabon tsarin ba kafin Juma'a, za a rufe shafinsa a ba wani kujerar. Injiniya ya tara 'yan kasuwa a ofis su shaida. "Ni na ba Abuja wannan shawarar," ya ce, sannan ya danna. Kwamfuta ta ce ta tura lambar sirri zuwa layin da ya yi rajista da shi. Aka zuba ido. Mai bakwai-bakwai ko tari bai yi ba. Ashe da tsohon layin ya yi rajistar.

Ranar Alhamis ya kama hanyar Yashe, bayan ya yi wa direbobin tasha bayanin cewa mai taswira a waya ba ya tambayar hanya, ko da damina. Taswirar ta kai motarsa tsakiyar gonar dawa, laka ta karɓe ta hannu bibbiyu. A kan amalanken shanu ya isa ruga, rungume da kwamfuta.

Inno ta saurare shi tsaf, ta ƙara ɗaure wayarta a bakin zane.

"Lambar sirri? Halan ba kai ka tara mu ranar suna ba, ka ce ko uban mutum ya nema kar a ba shi?"

"Gwaggo, ai ni ne na faɗa."

"Shi ya sa na riƙe, ɗan nan. Maganar injiniya ce."

Ya nemi ta maido masa layin gaba ɗaya. Ta ce duk masu sayen nononta shi suka sani. Da ƙyar ta yarda ya leƙa, wayar na hannunta. Ya shiga, kujera ta tsira. A nan ya gano cewa sabon tsarin kullum sai ya nemi sabuwar lamba. Sauya layi kuwa sai ya gaya wa Abuja inda tsohon ya tafi, kuma Injiniya ya ce mutuncinsa ya wuce nan.

Yanzu kowace safiya yana tsaye a bakin titi yana jiran Inno ta shigo Kankia. Ya sanar cewa kamfani ya buɗe reshen tafi-da-gidanka, shi ke duba shi.

Jiya Inno ta ce wuyanta na ciwo, ba za ta iya kwance waya da kaya a ka ba. Injiniya ya gyara hularsa, ya duba gabas da yamma, ya ɗaukar mata ƙwaryar nonon har cikin kasuwa.