Rasuwar Barde Gorozen, Wanda Bai Taɓa Fita Daga Kwalinsa Ba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin nauyinsa, ni Utsumi Norio na Higashi-Osaka nake sanar da 'yan'uwa masu tara mutum-mutumin jarumai, da duk wanda ya tsaya gaban allon sanarwa na shagon Tsoho Nabeshima, rasuwar Barde Gorozen. Kafin ku ci gaba da karatu, ina roƙon duk mai kwalin da bai taɓa buɗewa ba ya sani, abin da ya same ni mai yiwuwa ya riga ya fara a cikin kabad ɗinsa. Ba ya ƙara, ba ya wari daga waje. Kwalin zai yi ta kyau har ranar ƙarshe.

Marigayin ya rasu yana da shekara ashirin da shida, in an ƙirga har zuwa bana. Ba zan iya faɗin ranar da ya cika ba, ko shekarar ma. Mun dai gano ne ranar Lahadin da ta wuce, da rana tsaka, a kan teburin cin abinci, a gaban matata Kazue da 'yarmu ɗaya tilo, Chinatsu.

Waɗanda suka san shi ta tagar ledar da ke gaban kwalinsa za su shaide shi. Tsayinsa taƙi ɗaya ne da ɗan ɗori. Yana da jan sulke, da hula mai ƙaho biyu, da fuskar wanda bai taɓa jin tsoro ba. Gaɓoɓinsa goma sha huɗu ne masu motsi, haka aka rubuta a bayan kwalin, ni ban taɓa motsa ko ɗaya ba. Mai haƙuri ne. Bai taɓa faɗowa daga kan kanta ba, ko a lokutan da ƙasa ta girgiza. Bai taɓa ɓatar da takobinsa ba. Rana ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, ƙura ba ta taɓa sauka a kafaɗarsa ba, kuma a iya sanina bai taɓa ɓata wa kowa rai ba, sai dai ni na ɓata wa mutane rai a kansa.

Ya shigo gidanmu ranar da aka haifi Chinatsu. Ina ta kai da komo a barandar asibiti ina tambayar kowa ko lafiya, har wata nas ta ce in fita in sha iska, ina tayar wa masu jego hankali. Ƙafata ta kai ni unguwar Nipponbashi, shagon Tsoho Nabeshima, wanda a lokacin gashinsa bai yi fari ba. Kun san ƙa'idarmu: mai tarawa na gaske uku yake saye, ɗaya na ajiya, ɗaya na nunawa, ɗaya na wasa ko na bai wa aboki. A ranar, Barde Gorozen ɗaya ne kacal ya rage a shagon.

Tsoho Nabeshima ya ce, "To Norio, na wanne za ka yi da shi?"

Na ce na ajiya. Na ce na 'yata ne, ranar da za ta bar gida zan miƙa mata shi sabo fil, ta san akwai abu ɗaya da ubanta ya iya tsarewa.

Ya yi dariya har ya riƙe kanta. "Yarinyar ko wankan farko ba a yi mata ba, kai har ka raka ta tasha."

Marigayin yana da murya. A jikin tagar ledar akwai ɗan rami daidai yatsa, saitin wani maɓalli a ƙirjinsa. In an danna sai ya yi "kiiin", kamar an zare takobi, sannan ya ce da kakkausar murya, "Ku koma bayana!" Daga nan sai ganga sau biyu, dum, dum. Sau uku na ji wannan murya a tsawon rayuwarsa. Na farko a shago. Na biyu da na uku a rana ɗaya, lokacin Chinatsu tana da shekara shida.

Na dawo daga masana'antar noti da nake aiki, ina cire takalmi a ƙofa na ji "kiiin". Kafin in ƙarasa ɗaki na sake ji. Na same ta zaune a kan tabarma, kwalin a cinyarta, yatsarta a cikin ramin, tana dariya har da hawaye. Kusurwar kwalin ta ƙasa ta ɗan lanƙwashe. Ni kusurwar na gani.

Na daka mata tsawa. Na ce wa ya ba ta izinin taɓawa, ta san abin da ta lalata kuwa?

Ta ce, "Ai Mama ta ce nawa ne."

Na ce, "Naki ne, amma ba yanzu ba."

Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye shi a hankali da hannu biyu, ta fita. Ba ta sake tambayarsa ba, ko sau ɗaya, cikin shekara ashirin. A makon nan na liƙe ramin da salatif ninki uku. Na sa kwalin a leda, na zuƙe iskar, na ɗaure, na sa shi cikin wani kwali, na tura can ƙuryar kabad, bayan katifun baƙi. Duk watan Yuni, in damina ta kama, nakan sauya 'yan jakunkunan shan danshi da ke kewaye da shi. Na rataye ma'aunin laima a ƙofar kabad ɗin ina duba shi safe da yamma. Na sha tunawa da batiran da ke cikinsa, amma cire su sai an yanke hatimin kamfani, ni kuwa hatimin nake gadi.

Bana Chinatsu ta samu aikin jinya a wani asibiti a Asahikawa. Na ce mata garin ya yi nisa, ƙanƙara tana kai wa mutum ƙugu, mutane suna zamewa su karye. Ta saurare ni har na gama, ta ce ta riga ta sa hannu a takarda. Ranar Lahadin da za ta tafi, Kazue ta yi mana wainar kabeji ta ban kwana. Da aka kwashe kwanuka na shiga na fito da shi, na kwance ledar, na ajiye a gaban Chinatsu, na miƙa mata 'yar wuƙa. Na shirya maganar da zan yi, amma ta ɓace mini. Cewa kawai na yi, "Yanzu ne."

Ta yanke hatimin. Wari ya fara fitowa, kamar sabuwar taya da aka jiƙa da ruwan tsami. Ta zaro farantin ledar da yake kwance a ciki. Fuskarsa tana ƙyalli, wani mai ya tsatso daga goshinsa ya taru a haɓa, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Ta kama kafaɗunsa ta ɗaga, ya ƙi, ya manne. Ta ƙara ƙarfi kaɗan. Jan fentin bayansa ya zauna a farantin. Zaren robar da ke riƙe da ƙugunsa daga ciki ya riga ya zama gari, sai rabinsa na sama ya biyo hannunta, ƙafafun suka tsaya inda suke. Daga ƙirjinsa wani farin gishiri mai kore-kore ya zubo a kan teburin. Ta danna maɓallin sau ɗaya. Shiru.

Ta dubi yatsunta da suka manne da juna. Ta ce, "Ashe haka jikinsa yake."

Ta daɗe tana wanke hannu a kicin. Da muka raka ta tasha ta rungume uwarta, ni kuma ta rusuna mini kamar yadda ake yi wa shugaban wurin aiki, ta ce, "Na gode da ɗawainiya, Baba." Rabi biyun suna nan a kan tebur lokacin da muka dawo.

Ranar Litinin na kai shi wurin Tsoho Nabeshima. Ya sa tabarau, ya juya shi, ya shinshina. Ya ce irin wannan roba akwai wani mai a cikinta mai sa ta laushi, yana fita a hankali kamar gumi. In akwai iska sai ya tafi abinsa. In babu, sai ya dawo ya zauna a jiki, ya yi danƙo, ya ci fenti. Ya ce ana buɗe su ko sau biyu a shekara, su sha iska a inuwa, a cire batir tun ranar farko, a motsa gaɓoɓin don kada su sandare. Sannan ya ɗaga kwalin ya ga salatif.

"Wane mai hankalin ne ya liƙe nan?"

Na ce ni ne.

"Hancinsa ke nan, Norio. Kai ka shaƙe shi. Na yaran da suka yi ta jifa da su a bahon wanka suna nan suna zuwa mini garau, hannu ɗaya ya ɓace amma garau. Naku na masu tsoro ne ke narkewa."

Duk da haka mun yi ƙoƙarin jinya. Na jiƙa shi kwana ɗaya a baho cikin ruwa mai ɗumi da sabulun wanke kwano, na bi shi da buroshin haƙori mai laushi. Danƙon ya fita, amma ya tafi da girarsa da rabin bakinsa. Ina tsugune gaban bahon Kazue ta zo ta tsaya a bayana da kwandon wanki.

Ta ce, "Baban Chinatsu, keke ka hana ta. Iyo ka hana ta. Tafiyar makaranta bakin teku ka ce ba za ta ba, har takarda ka rubuta wa malaminsu. Ita dai ta yi sa'a, ƙafafunta a haɗe suke da jikinta."

Na ci gaba da gogewa har ta wuce.

Marigayin ya rasu ya bar kwalinsa cikin ƙoshin lafiya, in ban da kusurwa ɗaya. Ya bar takobi da garkuwa waɗanda ba su taɓa shiga hannunsa ba. Ya bar ƙanne talatin da ɗaya, sauran jaruman da na tara, da suka zauna tare da shi a kabad, waɗanda na yanke hatiminsu duka ranar Talata. Ashirin da biyar suna tsaye yanzu a kan kantar littattafai, taga a buɗe, labule a sake. Shida suna kwance a baho, biyu daga cikinsu ba mu sa rai. Ya bar Kazue, wadda ta ce a rubuta cewa ba ta da abin faɗi, kuma tuni ta zuba barguna a inda yake kwana. Ya bar ni. Ina zuwa aiki, ina cin abinci, ina duba ma'aunin laima duk da babu sauran abin da yake tsarewa.

Za a yi jana'izarsa ranar Lahadi mai zuwa da ƙarfe goma na safe, a haikalin unguwarmu, tare da sauran 'yan tsanan da ake yi wa addu'ar sallama duk shekara. Na goge masa abin da ya rage na fuska da sabon ƙyalle, na yayyafa gishiri kamar yadda al'ada take, na naɗe rabi biyun wuri ɗaya cikin farar takarda. Malamin haikalin ya ce ba sa karɓar kwali, abu mai fuska kawai ake wa addu'a. Ya ce kuma roba ba ta shiga wuta, za a karanta masa tare da sauran, daga baya a kai shi inda ya dace. Masu zuwa ta'aziyya kada su kawo furanni. Kowa ya koma gida ya buɗe nasa.

Abu ɗaya ya rage. Malamin ya ba ni 'yar takarda da ake ɗaurawa a jikin mamacin, akwai layin da ake rubuta sunan mai shi, kuma mai shi ne ke miƙa shi da hannunsa ya yi masa godiya. Na ɗauki alƙalami zan rubuta sunana, sai na ga ba nawa ba ne. Na so in rubuta Chinatsu, sai na ga ban san ko ta taɓa ɗaukarsa nata ba bayan ranar nan. Na tura mata saƙo ranar Laraba, na faɗa mata rana da lokaci, na ce ba dole. Ban ce ta sa rigar sanyi ba, ban ce ta kula da santsi a hanya ba, duk da na rubuta na goge sau biyu. Waya ta nuna ta karanta.

Layin yana nan ba komai a kansa. Har zuwa lokacin da nake liƙa wannan sanarwa ba ta amsa ba, kuma ban san ko za ta zo ba.

Utsumi Norio,
a madadin iyalan marigayin.