Rasuwar Mai Gurnani, Injin Goge Rim

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farata masu cike da baƙin mai, nake sanar da 'yan uwa, abokan sana'a da maƙwabta rasuwar injina na goge ƙarfe, wanda aka fi sani da Mai Gurnani. Rai ya yi halinsa jiya da hantsi a garejinmu na bayan gida, yana tsaka da aiki, yana da shekara goma sha huɗu a hannuna. Shekarunsa a hannun mai shi na farko, Allah ne masani.

An haifi marigayin a cikin injin wanki. Da injin wankin ya tsufa na ciro motarsa, wato na'urar da ke juya shi, na ɗaure ta a kan benci da waya da tsohuwar robar taya, na sa mata faifan tsumma a baki. Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, ba shi da kyan gani. Amma rim ɗin mota, ƙarfen da taya ke zama a kai, zai shigo ya yi dusu-dusu, gefensa duk cizon kwalbati, ya fita mutum yana gyara hularsa a jikinsa. Ya goge hannun ƙofa, ya goge salansar babur, kuma bai taɓa raina tukwanen matata ba.

Mai magana ne, Allah ya sani. Da safe sai ya ce "ƙyaƙ, ƙyaƙ", sai na juya faifan da hannu na ɗan mare shi a ƙeya, sannan ya ce "wuuuu" ya kama aiki. In ya gaji ya koma "gurrr". Abu biyu kawai ya nema a duniya: hutun minti goma bayan kowane rim, da iska ta ramukan da ke bayansa. Maƙwabcina tela ya sha cewa injin nan zai kai shi kabari. Ga shi tela na nan daram.

Game da jinyarsa, gara ku ji daga bakina kafin matata ta riga ni. Shekara goma sha biyu surukina, mahaifinta, in aka tambaye shi sana'ata sai ya ce ai ina wanke tayoyi. Jiya, karon farko, ya kawo motarsa da kansa a goge masa rim huɗu, ya ce kuma zai zauna ya ga yadda ake yi. Na dubi Mai Gurnani da wayoyinsa da robarsa, kunya ta kama ni. Kafin Baba ya gama gaisawa a cikin gida na zari sabon mayafin teburin falo na lulluɓe injin tsaf, na ɗaure ta baya, faifan kawai na bari a waje. Ramukan iskar nan duka suna cikin mayafi.

Ya goge na farko. Ban ba shi hutu ba, don kada Baba ya ce injin nawa rago ne. Ya goge na biyu yana "gurrr", na ƙara murya ina ba da labarin manyan motocin da suka ratsa ta hannuna. A na uku ƙauri ya tashi, Baba ya shaƙa ya dube ni, na ce ai ƙamshin sabulun gogewa ne, na waje. A tsakiyar na huɗu marigayin ya ce "fuf", hayaƙi ya fito ta cikin furannin mayafin, shi ke nan. Na mare shi a ƙeya har sau bakwai. Mai gyaran lantarki ya zo ya buɗe cikinsa, ya girgiza kai, ya ce in yi haƙuri.

Ni na kashe shi, kuma kunyarsa da na ji ta fi ƙona min rai.

Ya rasu ya bar faifan tsumma uku, ɗaya ko ɗanɗana aiki bai yi ba, da rabin sandar sabulu, da benci, da rim guda rabinsa madubi rabinsa toka. Ya bar mata ɗaya, tawa, wadda ta ce nata makokin na mayafi ne kuma ba ta ga ranar gama shi ba.

Jiya Baba ya matso kusa da benci. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon gemunsa a rim ukun da aka gama, ya tashi ya hau tasi. Yau da safe sai ga a-kori-kura a ƙofar gida ɗauke da ƙyauren get ɗin Baba, da ƙarafan gadonsa, da rim takwas na abokansa biyu. Direban ya ce Baba ya gaya musu duk garin nan babu mai hannu irin na surukinsa, kuma jibi za su zo karɓa.

Za a ɗauki gawar gobe da ƙarfe tara a cikin baro zuwa wurin 'yan gwangwan, inda za a auna shi a sallame shi. Zaman karɓar gaisuwa a gareji ne, daga nan har jibi. Ba a buƙatar kuka, kuma kada kowa ya sa fararen kaya. Kowane mai ta'aziyya ya zo da samfefarsa, za a ba shi rim a ƙofa.