Shinkafar Sallar da Na Hana Kaina

Allah ya yafe mini girman kai. Lokacin ina aiki a wani kamfanin jigilar albasa a Birnin Konni, Alhaji mai kamfanin ya ɗora ni kan tsara yadda aiki zai riƙa tafiya daga sito zuwa mota. Ya tambaye ni inda zan zauna: sashen mai sito, ko na shugaban direbobi, ko na kwantabul, mai riƙe lissafin kuɗi?

Na gyara zaman hula na ce, "Alhaji, mai tsara aiki ba ya zama ƙarƙashin kowa. Daga sama yake duba su."

Ya ce to. Na sa aka kai teburina gindin itacen bedi, ni kaɗai.

Da azumi ya zo, ni da bakina na kafa doka: kowane shugaba ya karɓi shinkafar Sallah da Alhaji kan ba ma'aikata ya raba wa mutanensa, kada wanda ya je wajen Alhaji kai tsaye. Har na ce wa maiɗakina ta aro babbar tukunya.

Ranar rabo na fara da sito. Mai sito ya kira ni da laƙabin Faransanci na 'yan boko, ya ce, "Mushe, ai kai ba namu ba ne." Shugaban direbobi ya ce, "Wace mota kaka tuƙi?" Kwantabul ko kai bai ɗago ba. Na nufi buron Alhaji, wato ofishinsa, mai gadi ya tare ƙofa ya maimaita mini dokata, bai rage komai ba.

Tuwon dawa muka ci ranar Sallah. Har yau in na gifta tasha, tsofaffin direbobi sai sun ɗaga murya: "Mushe, shinkafa ta dahu? A aiko muna ko da ƙanzo!"