Kunyar Ɗan Fari a Filin Jirgi

Shekarar da Inna ta sauke farali, ni na je tarenta a filin jirgin Kano, da yara uku a motar haya. Matata ta ce in bar mata yaran, na ce mutumin da ya yi kiwon shanu bai taɓa yar da maraƙi ba, yara uku ne za su gagare shi?

Ni kuwa na riƙe fillanci gam. Ɗan farina ba na kiran sunansa, ba na kallonsa, balle a gaban Inna. Da muka fito cikin cunkoso, na kawar da kai, na miƙa hannu baya na cafko yaro mai shuɗiyar shadda, na tura shi mota.

Ƙanwarsa ta ce, "Baba, ai Sadiku..."

Na daka mata tsawa: "Wa ya tambaye ki?"

Muna tsallake gadar Wudil, yaron ya gama cinye dabinon Inna, ya ce, "Baba, yaushe za mu kai Ringim?"

Inna ta juyo ta ƙare masa kallo. "Wannan ɗan waye?"

Muka juya Kano ina ta salati. Muka tarar da uwar yaron tana ihu, nawa kuma yana gefe yana kuka, a karo na farko na dube shi da kyau.

Yau Sadiku da gemunsa, amma duk tafiyar da za mu yi daga gidanmu na Takur sai ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, duba dai. Ni ne."